Wata Shida a Bayan Tagar Sito

Ke da kika rubuto min cewa in daina ƙorafi, wai ko da fitila aka fita nema ba za a samo saurayi irin nawa ba, na ga saƙonki kuma ban ji haushi ba. Ni ma har safiyar Litinin ɗin nan abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da uku, kuma wata shida ke nan ina zuwa wata cibiyar koyar da sana'a, ina koyon gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki. Mu goma sha takwas ne a ajin, ni kaɗai ce mace. In kun taɓa wucewa ta ƙofar cibiyar kuka ga ƙaton allo da hoton wata yarinya cikin shuɗiyar rigar aiki, ta riƙe sifana tana washe baki, to ni ce. Abin da allon bai faɗa muku ba shi ne, minti biyar sifanar nan ta yi a hannuna. Ana gama ɗaukar hoto na mayar da ita kan ƙusarta.

Tun satin farko Malam, wato wanda yake koya mana aikin hannu, ya kira ni gaban kowa ya danƙa min mukullin sito. Ya ce kayan aiki sai mai natsuwa, waɗannan kuwa ko kawunansu, da ba a jikinsu suke ba, da tuni sun ɓatar. Aka yi dariya, ni kuma kaina ya kumbura, na ɗauka girma aka ba ni. Siton ɗan tsukukun ɗaki ne mai kantoci har sama, da kujera ɗaya mai gajeriyar ƙafa, da taga mai kallon ɗakin aiki. Ta tagar nan nake miƙa filaya da sukundireba da mita, in rubuta wanda ya karɓa, in soke in ya dawo da shi. Teburin Malam yana daidai saitin tagar. Shi yana fuskantata, ɗalibai suna tsaye a gefensa da bayansa, kafaɗa da kafaɗa, ni kuma ina kallonsu kamar mai kallon talabijin.

Hajiyar Sito suke ce min. Ba sa wulaƙanta ni, kada in ɗau alhakinsu, gaisuwa ma har da ɗan rusunawa. Amma in an tashi hutun rana sai su fice gaba ɗaya suna ture-ture da shewa, ɗakin ya yi tsit, in buɗe ɗan kwanona a kan littafin rajista in ci ni kaɗai. Akwai ranar da na lura tun safe har aka tashi ban ce komai ba sai “ga shi” da “sa hannu a nan”. Kaɗaici a tsakiyar mutane ya fi na ɗaki ciwo, wallahi na sha kuka a bayan kantar nan.

Kowannenmu yana da katin aiki mai gurbi ashirin. Duk aikin da Malam ya ga ka yi da hannunka, sai ya sa hannu a gurbi ɗaya. Ranar Juma'a aka liƙa sanarwa cewa saura sati uku jarrabawar ƙarshe, kuma duk wanda bai cika gurbi goma sha biyar ba, ba zai zauna ba, ba shi da takardar shaida. Na zaro nawa na duba, ko da yake na san abin da ke ciki. Huɗu ne, su ma duk na sanin sunayen kaya ne da karanta mita.

Safiyar Litinin ina guge rigar aikina a tsakar falo Umma ta fito da kofin shayinta, ta tsaya tana kallona.

“Rigar da ba ta taɓa datti ba kullum sai an goge ta,” ta ce. “Miƙo hannunki in gani.”

Na miƙa. Ta juya shi gaba da baya, ta shafa tafin, ta gyaɗa kai. “Madalla. Ki ci gaba da shafa man nan da Likita ya kawo. Ƙarshen wata 'yan'uwansa za su zo ganinki, ba na son su tarar da hannu kamar na mai fasa dutse.”

Likita ba likita ba ne, shagon sayar da magani gare shi, amma a gidanmu tuni aka ba shi digiri. Shi ne saurayin nawa, shekara ɗaya da rabi muna tare. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga da ƙamshin turare mai sanyi, ba ya ɗaga murya ko da an taka shi.

“Umma, gurbi huɗu kawai gare ni,” na ce. “In ban cika sha biyar ba, wata shidan nan sun tafi a banza.”

“Wane banza? Ba kin fita kin sha iska ba? Takardar me za ki yi da ita, ko miya za ki kaɗa?”

Abba yana kujerarsa ta bakin taga da rediyo a kunne. Tunda ya yi ritaya maganarsa ta koma “to” da “Allah ya kyauta”. Na kalle shi ko zai ce wani abu, ya ƙara murɗa rediyonsa.

Ina cikin motar haya saƙon Likita ya shigo, kamar kullum bakwai da rabi.

“Injiniyata, an fita?”

“Na fita. Ban yi barci sosai ba, maganar katin nan ce.”

“Ki kwantar da hankalinki. Komai lokaci ne.”

“Sati uku fa.”

“Malam ya fi ki sanin abin da ya dace. Kin shafa man?”

Na yi murmushi ni kaɗai kamar wawuya. Ku fahimce ni, mutumin nan shi ya samo min fom ɗin cibiyar. Shi ya zauna gaban Abba ya yi ta bayani a kan zamani ya canza, mace ma ta riƙe sana'a, har Abba ya ce to. Shi ya kai ni ranar farko, shi yake ɗauko ni kullum ƙarfe biyu. Kuma duk duniya shi kaɗai yake tambayata yau me aka koya. Duk abin da na gano ta tagar nan shi nake zayyana wa a mota, yana tuƙi yana “ikon Allah”.

A ranar, aikin walda aka yi, wato yadda ake haɗa bututun jan ƙarfe biyu da wuta. Ana zura bakin ɗaya cikin ɗaya, a gasa mahaɗar har ta yi ja, a ɗora siririyar sandar walda ta narke ta zagaye. In ya huce a hura iska a ciki a shafa kumfar sabulu. In kumfar ta yi ƙwai, akwai yoyo, aikinka ya ɓaci. Sau nawa na ga an yi? Ya fi ɗari. Na san kalar jan da ake jira, na san ƙarar da wutar take yi in ta daidaita. Ina ji ina gani wani da ko riƙon filaya bai iya ba wata biyu da suka wuce ya karɓi sa hannunsa na sha shida.

Da aka fita hutu na zauna da kwanona ban buɗe ba. Sai kawai na miƙe. Na tsinci guntayen bututu biyu a kwandon shara, na fito daga sito, na tsaya a teburin Malam. Na ɗaure bututun a maƙala, ƙarfen da ke riƙe aiki a tebur, na ɗauki kan wutar, wanda tiyo ya haɗa shi da tukunyar gas, na ɗauki sandar a ɗaya hannun.

Akwai ɗan mamurɗi a bayan kan wutar, shi ake buɗewa gas ya fito. Na murɗa shi ta inda na saba gani ana murɗawa, ya ƙi motsi. Na murɗa ta ɗaya gefen, ya buɗe. Da ina da hankali da a nan na tsaya na tambayi kaina dalili, amma ɗoki bai bar ni ba. Na ƙyasta ashana, wuta ta kama, shuɗiya siririya. Wayyo daɗi! Na kai ta kan mahaɗar, sai dai hannuna bai saba ba, wutar tana lasar gefe tana barin inda ake so. Sandar ta narke ta ɗiga a tebur, wani tsumma da ke kusa ya fara hayaƙi.

Na tsorata, na ce bari in kashe. Hannuna ya tafi da kansa ya murɗa ta inda idona ya haddace ana kashewa. Wutar ta yi wani irin gurnani ta yi tsawo, ta lashi bayan hannuna na dama, tsumman ya kama. Na ƙara murɗawa, ta ƙara tashi. Ko ihu na kasa.

Sai ji na yi ta mutu ɗif. Malam ne a durƙushe gaban tukunyar, ya rufe ta daga can. Ashe tabaransa ya manta ya dawo ɗauka. Ya take tsumman da takalmi, ya nuna min famfo, na sa hannuna a ƙarƙashin ruwa. Wurin ya yi ja, ya fara tashi kusa da babban yatsa.

Na jira faɗa. Dattijo ne gajere mai furfura a gemu, in ya fara faɗa har masu gadi suna ji. Amma sai ya tsaya yana kallon teburin, inda na yar da kan wutar a hagu, sandar a dama.

“'Yata, ke bahaguwa ce?”

“A'a, Malam.”

“To me ya sa kika riƙe wuta da hagu?”

“Haka na ga kana yi.”

“Ni? Shekara talatin da dama nake riƙewa.”

“Ta wannan gefen nake ganinta a hannunka,” na ce, na nuna da hannun da ba ya cikin ruwa.

Sai ya taka ya shiga sito, abin da rabonsa da yi tun ranar da ya ba ni mukulli, ya zauna a kujerata mai gajeriyar ƙafa, ya leƙo ta taga. Ya daɗe yana kallon teburinsa daga can. Da ya fito muryarsa ta sauka.

“Daga nan komai a juye yake. Damata ita ce hagunki. In na rufe, ke gani za ki yi kamar na buɗe.” Ya shafa gemunsa. “Wata shida kina koyon aikina a bai-bai.”

Wallahi da faɗa ya yi da na jure. Wannan maganar ce ta ɓalle min baki.

“To laifin wa ne, Malam? Ni na ce a kulle ni a can? In baƙi sun zo a fito da ni a ba ni sifana in yi murmushi, in sun tafi a mayar da ni kamar kwanon tangaran! Kullum da safe nake zuwa kafin kowa. Na taɓa makara? Na taɓa ɓatar da ko ƙusa ɗaya? Me na yi maka da ba za ka ce min zo ki gwada ba, ko sau ɗaya?”

Ina faɗa ina kuka, majina da hawaye, babu ko kyan gani. Shi kuwa sai kallona yake da mamaki.

“Ikon Allah. Ba ke kika roƙa ba?”

“Na roƙi me?”

“Yaron nan mai farar riga, wanda ya kawo ki. Ranar farko ya ja ni gefe ya ce kina tsoron wuta da lantarki, kina da ciwon ƙirji, hayaƙi yana tayar miki, amma kunya ba za ta bar ki ki faɗa ba. Ya ce ke kika aiko shi, a taimaka a ba ki aiki mai sauƙi, kada a yi miki maganar don kada ki ji nauyi. Duk ƙarshen wata sai ya kira ya yi godiya.” Ya buɗe hannuwansa. “Ni na ɗauka amana nake riƙewa.”

Ruwan famfo yana ta zuba a hannuna, ni kuma na daina jin zafin. Ban taɓa ciwon ƙirji ba a rayuwata. Na tuna duk ranakun da na zauna a motarsa ina cewa yau ma ba a ba ni aiki ba, yana cewa in yi haƙuri, yana miƙo min hankici. Mutum ɗaya nake da shi da nake kai wa kukana, ashe shi ya san inda kukan ya samo asali tun kafin in fara.

“Ban aiko shi ba,” na ce.

Malam ya sunkuyar da kai. “To na cuce ki, ban sani ba. Kuma da na tambaye ki da bakina da ba a kai nan ba. Wannan nawa ne.” Ya karɓi katina ya duba. “Sha ɗaya a sati uku. Da wuya, amma ana yi, in za ki riƙa tsayawa har biyar kullum, da Asabar. Mai shara tana nan har lokacin, ƙofa a buɗe. Sai dai ba zan sa hannu don tausayi ba. In kumfa ta yi ƙwai, ki sake.”

“Na yarda.”

“Ki je ki yi shawara a gida tukuna.”

“Malam, shawarar da aka yi ta yi a kaina ce ta kai ni sito.”

Ya ɗauko akwatin magani ya ba ni auduga da bandeji.

Ƙarfe biyu daidai, ana ta mayar da kaya, wayata ta yi ƙara.

“Injiniyata, ina ƙofa.”

Na rubuta na goge ya fi sau biyar. Daga ƙarshe na tura: “Ka shigo. Malam yana so ka maimaita a gabana saƙon da ka ce na aiko ka da shi.”

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Sai ga shi:

“Don ke na yi. Kina so ki ƙone?”

“Na riga na ƙone. Don ba a koya min ba.”

“Fito mu yi magana a mota.”

“Sai biyar zan tashi.”

“Wa ya ce?”

“Ni.”

Bai sake rubutu ba. Bayan kamar minti uku na ji tashin motarsa, na san ƙararta ko cikin barci. Ban leƙa ba, amma kada in yi muku ƙarya, na ji ciwon tafiyarsa. Ina son mutumin nan. Har yanzu da nake rubuta muku ban iya cewa na daina ba.

Malam ya matsa gefe ya nuna min wuri kusa da kafaɗarsa. Karo na farko na ga teburin ta inda kowa yake ganinsa. Na riƙe wutar da dama, bandejin yana takura min. Haɗin farko ya yi ƙwai. Na biyu ya yi ƙwai har biyu. Na uku na ƙona bututun ya huje, Malam ya ce ko rariya albarka. Umma ta kira sau huɗu, na tura mata saƙo cewa lafiya lau nake, sai biyar. A na shida na ga sandar ta narke ta bi mahaɗar ta zagaye da kanta sumul. Aka hura iska, na shafa kumfa, muka zuba ido. Shiru. Malam ya ƙara shafawa da kansa, ya kawo fuskarsa kusa, ya jira. Sannan ya zaro biro daga aljihu ya sa hannu a gurbi na biyar.

Kun san abin da na fara yi? Waya na zaro. Har na buɗe sunansa, har na rubuta “Albishirinka”, sannan na tuna. Na tsaya da wayar a hannu ina bin sunayen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda zai yi murna da ni, har na kai ƙarshe. Na ɗauki hoton bututun na ajiye wa kaina.

Biyar da rabi na sauka a bakin layinmu, rigata da baƙin hayaƙi a hannu da gaba, ban ko cire ta ba. Tun daga nesa na hango motarsa a ƙofar gida. A bakin falo ga takalmansa a jere, masu sheƙi.

Na yi sallama. Yana zaune a ƙasa kan kafet, kansa a sunkuye kamar wanda aka zalunta. Umma tana tsaye, idonta ya sauka kan bandejin, ta dafe ƙirji.

“Kin gani ko? Kin ga abin da yaron nan yake gudar miki? Tun biyu da rabi yake nan yana ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba! Sati uku ya rage mutane su zo, ki dubi hannunki!”

“Umma, ƙarya ya yi da sunana.”

“Rufe min baki! Ƙaryar da aka yi don a kare ki?”

Likita ya ɗago, muryarsa a sanyaye kamar kullum. “Umma, a bar faɗan. Ni na ce ta bar zuwa kawai, in takarda ce zan san yadda za a yi. Abin da nake so ta huta.”

Sai na ji ƙit, an kashe rediyo. Duk muka juya. Abba ya ajiye shi a kan hannun kujera, ya gyara zama, ya dube ni tun daga baƙin rigar har bandejin. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

“Auta,” ya ce, ya miƙo hannu. “Ba ni katin nan.”

Na zaro shi daga aljihun gaba. Kati ɗaya ne, ba a ba da wani in ya lalace. Na matsa na durƙusa a gabansa, na ɗora shi a tafinsa, amma ban saki gefen da na riƙe ba.

“Abba, ga shi ka gani,” na ce. “Amma gobe bakwai da rabi da katin nan zan fita.”

Tunda aka haife ni ban taɓa gindaya wa mahaifina sharaɗi ba. Umma ta yi salati. Abba bai ja ba, ni ma ban saki ba.